Babi na Biyar: Kujerar Gaba

A kan hanyar Urushalima abin ya faru. Yesu na gaba, almajirai na biye da shi cikin fargaba, ya ja su gefe ya faɗa musu, karo na uku ke nan, abin da ke jiransa a birnin: ba'a, bulala, kisa. Bai daɗe da rufe baki ba sai ga Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, sun matso da wata buƙata. So suke idan mulki ya kafu, ɗaya ya zauna a damansa, ɗaya a hagunsa. Haka Markus ya kawo labarin a sura ta 10. Matiyu kuwa ya ce mahaifiyarsu ce ta zo ta durƙusa ta roƙa musu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake nema wa ɗa muƙami ya san babu wani saɓani a nan. Uwa ce ke magana, 'ya'yan na tsaye a bayanta suna sunkuyar da kai.

Sauran goman da suka ji, suka husata. Mutum zai so ya ce kishin Allah ne ya motsa su, amma labarin bai ba da wannan damar ba. Kafin nan, a Kafarnahum, Yesu ya tambaye su gardamar me suke yi a hanya, suka yi tsit, domin a kan wane ne babba suke musu, su duka. Haushin goman shi ne an riga su kai buƙata. Luka ya ƙara da cewa gardamar ta sake tashi a wurin jibin ƙarshe, a daren da za a kama shi. Waɗannan mutane sun bar jirage da taruna, ɗayansu ya bar teburin karɓar haraji, sun yarda da yunwa da kwanan hanya. Abu ɗaya ne bai bar su ba, lissafin wa ke gaba da wa. Markus ya sake ambaton dama da hagun Yesu a sura ta 15, kuma 'yan fashi biyu ne a wurin, kowanne a kan nasa gicciye.

Ba a yi shekara ashirin da biyar ba maganar ta bar bakin masunta ta shiga gidajen masu hali. Korinti ce ta fi nuna mana yadda abin yake, domin Bulus ya zauna can shekara ɗaya da rabi, a wajajen 50 zuwa 52, daga baya kuma ya rubuto musu wasiƙa daga Afisa yana faɗa.

Sai an san garin kafin a gane faɗan. Romawa sun rushe tsohuwar Korinti a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, ta yi kusan ƙarni guda kango, sannan Yuliyus Kaisar ya sake kafa ta a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, ya zuba mata mutane, da yawansu 'yantattun bayi. Gari ne mai tashar jiragen ruwa biyu, kuɗi na shiga ta gabas da yamma, ga shi babu tsofaffin gidajen sarauta da za su tare wa kowa hanya. A irin wannan gari wanda ya samu ba ya ɓoyewa. Idan ya gina wa jama'a wani abu, sai ya sa a sassaƙa sunansa a dutse. A 1929 masu tonon tarihi suka gano wani daɓe kusa da gidan wasan kwaikwayo na garin, da rubutu a kansa cewa wani Arastas ne ya shimfiɗa shi da kuɗin aljihunsa, tukuicin muƙamin da aka ba shi na kula da kasuwanni da gine-ginen gari. Bulus ma, a ƙarshen wasiƙarsa ga Romawa, ya isar da gaisuwar wani Arastas, ma'ajin gari. Masana na ta muhawara ko mutum ɗaya ne. Ko ma ba shi ba ne, daɓen ya gaya mana irin iskar da masu bi na Korinti ke shaƙa.

A lokacin babu ginin majami'a. A gidan wani mai wadata ake taruwa, kuma Jibin Ubangiji cikakken abinci ne, ba ɗan gutsuren gurasa ba. Ɗakin cin abinci na gidan Baroma yana da gadaje uku da ake kishingiɗa a kai, yakan ɗauki mutum tara. Sauran jama'a sai tsakar gida. Wa zai shiga ɗakin? Mai gida da abokansa, waɗanda ba su da ubangida da zai riƙe su, sun iso tun rana na sama. Bawa da ɗan dako sai an sallame su, su iso da duhu, su tarar an kwashe. Ga Baroma wannan ba abin kunya ba ne, haka ake yi. Pliny Ƙarami, marubucin Roma, ya ba da labarin wata liyafa da mai gida ya raba giya kashi uku: mai kyau tasa da manyan baƙi, matsakaiciya ta ƙananan abokai, ta ƙarshe ta 'yantattun bayi. Masu halin Korinti ba su zauna sun ƙulla mugunta ba. Al'adar liyafa suka ɗauko yadda suka same ta, suka shigo da ita sujada, ba su ko ga aibunta ba. Bulus ne ya gani. Ya ce wani na fama da yunwa wani ya yi tatil, ya ce abin da suke ci bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba, ya kuma ba da umarni mai sauƙi har ya kusa ba da dariya: idan kun taru, ku jira juna.

Wannan ce ikkilisiyar da ta rabu gida-gida, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas, kamar yadda a garin kowane talaka yake da babban mutumin da yake fakewa da sunansa. Ita ce kuma ta mai da baye-bayen Ruhu ma'aunin daraja, mai magana da harsuna yana hangen sauran daga sama. Surar ƙauna ta wasiƙar Bulus da muke karantawa a wurin ɗaurin aure, ba don ango da amarya aka rubuta ta ba. Tsawatarwa ce ga mutanen da ke gasar ruhaniya.

Ba sai mun je Korinti ba. Ka shiga majami'a a garuruwanmu ranar godiyar girbi ko ranar tara kuɗin gini. An fara sujada, ƙungiyar zumuntar mata na tsakiyar waƙa, sai mota ta tsaya a waje. Mai kula da zama ya fita da sauri, ya dawo yana share hanya. A gaba akwai kujerun kushin guda huɗu da aka aro daga gidan wani dattijo, da ɗan tebur, da ruwan gora, fanka kuma can ta fuskanta. Idan kujerun sun cika, sai a raɗa wa wani tsohon mai bishara a kunne, ya tattara Littafinsa da sandarsa ya koma benci. Mai sanarwa ya tsai da komai don ya yi wa babban baƙo barka da zuwa, ya jero laƙabansa ɗaya bayan ɗaya, kuma kaitonsa idan ya tsallake ɗaya. Na san fastocin da ke mayar da katin gayyata don an rubuta Fasto a inda ya kamata a sa Rabaran Dakta. Idan aka zo baiko, buhunan siminti da lasifika ake faɗinsu, a tafa, a yi guɗa. Kwanon masara kuwa a ajiye shi kawai a gefen bagade. Wasiƙar Yakubu, a sura ta 2, ta zana wannan hoton kusan daidai: mai zoben zinariya da aka nuna wa wuri mai kyau, da matalaucin da aka ce ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa.

Kada a fahimce ni a karkace. Mu mutane ne da aka raina da girmama na gaba, kuma wannan ba aibu ba ne. Yaron da ya tashi ya ba tsohuwa kujera, ko ya rusuna ya ce “Baba, ina kwana,” bai saɓa wa bishara ba. Ikkilisiya kuma tana buƙatar shugabanni, dole wani ya zauna a gaba, ko don a gan shi a ji shi. Tambayar ita ce da wane ma'auni aka raba kujerun. Idan ma'aunin da ke aiki a gidan gwamnati da kasuwa shi ne ke aiki a cikin sujada, har wanda ya yi shekara arba'in yana bishara a ƙauye zai tashi don wanda ya ci zaɓe bara, to ba girmamawa ake yi ba, ciniki ne.

Turawa sun yi cinikin a fili, har da rasit. A Ingila da Amurka, ƙarni bayan ƙarni, hayar benci ake yi a coci. Mai kuɗi ya kama na gaba, a sa masa ƙofa da lamba, talaka ya zauna a baya ko a bene. Da kuɗin ake biyan fasto, saboda haka ba mai son taɓa tsarin. A 1860 wasu 'yan Methodist a jihar New York, ƙarƙashin B. T. Roberts, suka ɓalle suka kafa cocin Free Methodist, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilansu shi ne benci ya zama kyauta ga kowa. Tun kafin su, a Filadelfiya, a ƙarshen ƙarni na 18, an yi abin da ya fi wannan muni. Baƙaƙen fata na cocin St. George's sun taimaka da kuɗi da ƙarfi wajen faɗaɗa ginin, da aka gama sai aka tura su bene. Wata Lahadi ana cikin addu'a, Absalom Jones na durƙushe, wani jami'in cocin ya zo ya kama shi yana ja, wai ba nan ne wurinsu ba. Jones ya roƙa a bari a gama addu'a. Ba a bari ba. Da aka shafa, shi da Richard Allen da sauran suka fice gaba ɗaya. Daga wannan fitar aka sami cocin Bethel a 1794, daga baya kuma ɗarikar AME a 1816.

A ganina babu wanda ya fahimci wannan cuta kamar Benedict, wanda ya rubuta ƙa'idar zaman sufaye a Italiya a ƙarni na 6. An fi saninsa da matakai goma sha biyu na tawali'u da ya jera a sura ta 7, amma hikimarsa ta fi fitowa a ƙananan dokoki. Ya san idan ka tara ɗan sarauta da 'yantaccen bawa da malami a gida ɗaya, wa'azi kaɗai ba zai hana su auna juna ba. Sai ya ɗauki ma'aunin da ba wanda zai yi taƙama da shi, wato lokacin shigowa. Wanda ya shigo gidan da hantsi ƙane ne ga wanda ya shigo da sassafe a wannan ranar, komai shekarunsa, komai asalinsa. Ya bar wa shugaban gida ikon ɗaga wani saboda nagartarsa, amma ya hana a fifita ɗa a kan bawa don haihuwa kawai. Mai sana'ar hannu kuma, idan ya fara jin gidan na cin albarkacinsa, a cire shi daga sana'ar har sai ya sauko. Ka duba wannan ta ƙarshe da kyau. Benedict ya yarda gidan ya yi asarar kuɗi da dai ya yi asarar mutumin. Majalisar dattawa nawa ce a yau za ta iya dakatar da mai kiɗan da ya fi kowa iyawa, ko mai ba da zakka mafi tsoka?

Duk wannan nau'i ɗaya ne na neman girma, kuma mai sauƙin ganewa ne, domin yana zuwa da zobe da mota. Hausawa sun riga sun yi masa suna, girman kai rawanin tsiya. Akwai wani nau'in da ba ya naɗa rawani. A cikin jama'ar da ta ɗauki tawali'u abin yabo, tawali'un kansa yakan zama hanyar hawa. Mutum ya zauna a baya, amma a inda za a lura ya zauna a baya. Ya ba da shaida a gaban jama'a, ya kira kansa mafi ƙanƙanta, yana sauraron wanda zai ce a'a.

A 595 Paparoma Gregory Babba ya yi ta aika wasiƙu, har zuwa ga Sarki Maurice, yana ƙorafi a kan bishop na Konstantinoful da ake kira Yohanna Mai Azumi, don ya yarda ana yi masa laƙabin uban ikkilisiyar duniya duka. Gregory ya ga girman kai ne tsantsa. Shi kuwa yakan kira kansa bawan bayin Allah. Abin da ke da ban sha'awa shi ne, Yohanna mutum ne mai gudun duniya na gaske, sunansa ma daga yawan azuminsa ya samo shi, kuma ya mutu bai bar abin kirki ba. Gregory ma ba munafuki ba ne, ya rabar da dukiyar gidansu ya shiga sufanci tun kafin a naɗa shi. Masu tawali'u biyu ke nan, a manyan kujeru biyu, suna jayayya a kan suna. Laƙabin Gregory bai mutu ba. Ya zama na hukuma, yana saman manyan takardun paparomomi har yau, har da na zamanin da suke naɗa sarakuna suna tuɓe su.

Misalin da ya fi taɓa mu ya faru ne a bakin Kwara. Samuel Ajayi Crowther yaro ne da aka kama bawa a Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, aka kai shi Saliyo. Ya yi karatu a Fourah Bay, ya bi ayarin binciken Kwara na 1841 tare da J. F. Schön, wanda ya yi aiki sosai a kan harshen Hausa, ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya buɗe aikin bishara na Neja a 1857. A 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko a cocin Anglican. Tun a lokacin wasu Turawan mishan, irin su Henry Townsend na Abekuta, suka ƙi yarda su zauna ƙarƙashinsa, sai aka yanka masa yanki inda babu Bature. Ya yi haƙuri ya yi aiki. Da shi da Sarkin Nufe Masaba akwai mutunci, yakan je Bida a karɓe shi.

A 1890 wasu samari suka iso Lakwaja daga Ingila da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Jagororinsu Graham Wilmot Brooke, mai shekara ashirin da biyar, da John Alfred Robinson, wanda ya yi karatu a Cambridge. Ba masu neman abin duniya ba ne. Sun tashi cikin farkawar ruhaniya ta Keswick, mai koyar da miƙa kai ɗungum. Sun tuɓe kwat sun sa riga da rawani, suna cin abincin gari, suna koyon Hausa, sun kuma ce ba sa son kariyar gwamnatin Ingila, duk abin da zai sami wanda ya tuba ta hannunsu ya same su. Idan tawali'u a tufafi yake da abinci, sun kai maƙura.

Da wannan idon suka dubi ma'aikatan Crowther, yawancinsu 'yan Saliyo masu iyali, masu sa kwat, wasu na ɗan taɓa kasuwanci don albashi ba ya isa, suka yanke cewa waɗannan ba su san Ruhu ba. Ba duka zargin ne ƙarya ba. An sami laifuffuka na gaske a wasu tashoshi, kuma tsohon yana da sanyin hannu wajen horo. Amma dubi yadda aka yi gyaran. A watan Agusta na 1890, a taron kwamitin kuɗi a Onitsha, sakataren mishan F. N. Eden da abokansa suka shiga dakatar da fastocin da bishop ya naɗa da hannunsa, ba tare da sun bi ta kansa ba. Har ɗansa, Dandeson Crowther, wanda yake akidikin, aka dakatar a gaban idonsa. Tsoho ne da ya haura tamanin, ya fara wannan aiki tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba. A ƙasarmu ko ɗan cikinka ne ya fi ka gaskiya, akwai yadda zai faɗa maka. Crowther ya ajiye shugabancin kwamitin ya tashi.

Ban ce samarin nan munafukai ba ne, kuma wannan ne ya sa labarin ke da ban tsoro. Sun ba da ransu da gaske. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson har Kano, ya kuma wallafa ƙamus ɗin Hausa. Sun iya sauka daga matsayin Bature su zauna a tabarma. Abin da ba su iya ba shi ne su zauna ƙarƙashin baƙin bishop su ji maganarsa. Saukar da suka yi su suka zaɓe ta, su suka tsara ta, kuma ita ce ta ba su ƙarfin zuciyar yanke wa kowa hukunci. Wadda Crowther ya yi, wasu ne suka ɗora masa, tun daga 1864, ba wanda ya rubuta ta a mujallar mishan a matsayin sadaukarwa.

Shanyewar jiki ta kama Crowther a 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Ikkilisiyoyin yankin Delta, ƙarƙashin Dandeson, suka janye daga hannun mishan suka riƙe kansu a 1892. Bature aka naɗa a gurbin tsohon, 'yan Afirka kuwa aka tsayar da su a matsayin mataimakan bishop, kuma sai da aka yi kusan shekara sittin kafin wani baƙar fata ya sake riƙe dayosis na Anglican a Nijeriya. A 2014, da ake cika shekara 150 da naɗin Crowther, Akbishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Canterbury, inda aka naɗa shi, ya amsa a gaban jama'a cewa cocin Ingila ta zalunci mutumin.